Gemun Maƙwabci: Shekara Biyu Muna Biyan Kuɗin Rumbun Asarar Bankuna

Ƙarshen watan gobe rajistarmu a rumbun labarin asarar bankuna da muke biya wa kuɗi za ta ƙare, shi ya sa shugaban sashenmu ya ce in rubuto masa shafi ɗaya kacal: a sabunta ko a haƙura. Na rubuta, na ce a sabunta. Sai dai shafi ɗaya bai ɗauke abin da ke bakina ba, ga kuma abokan aiki a wasu bankunan, musamman masu tasowa, suna yawan bugo mini waya suna tambaya ko abin ya kai dalolin da ake zuba masa. To ga amsata a tsawace.

Ina aiki ne a sashen kula da haɗurra na wani banki, a ɓangaren da muke kira haɗarin gudanarwa. Ba bashin da aka ƙi biya ba ne, ba kuma faɗuwar farashi a kasuwa ba. Asara ce da ke fitowa daga cikin aikin kansa: ma'aikaci ya ci amana, tsari ya yi rauni, na'ura ta tsaya, ko wani abu ya faɗo daga waje, kamar gobara ko 'yan fashi ko masu kutse. Haka ƙa'idar Basel ta biyu, wato dokokin ƙasa da ƙasa na sa ido a kan bankuna, ta fayyace shi a 2004, ta kuma kasa shi gida bakwai, tun daga zambar cikin gida har zuwa kuskuren shigar da lamba. A kan kanta na fara, ina kashiya a wani reshe da ba shi da nisa da Kantin Kwari, don haka yawancin gidajen nan bakwai na gan su da idona kafin in san suna da suna a littafi.

Abin da muke biya wa kuɗi rumbu ne a intanet wanda wani kamfani na ƙasar waje ke tara labarin asarar da bankuna da kamfanonin inshora suka tafka a faɗin duniya. Ba zan kama sunansa ba, yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta hana. Irin wannan hidima kashi biyu ce. Akwai ta ƙungiya, kamar ORX da aka kafa a 2002, mai mazauni a Geneva, inda bankunan da ke ciki kowa ke zuba nasa bayanan asarar a ɓoye suna, daga yuro 20,000 zuwa sama, sannan kowa ya ɗebi na taron. Akwai kuma wadda ma'aikatan kamfani ke bin jaridu da hukuncin kotuna da sanarwar hukumomi suna tsintowa suna tsarawa. Tamu ta biyun ce. Kana shiga za ka ga akwatin bincike, ka zaɓi ƙasa, shekara, nau'in asara, ɓangaren kasuwanci. Kowace shigarwa tana ɗauke da sunan banki, lokacin da abin ya fara, lokacin da aka gano, nawa aka yi asara, nawa aka ƙwato, sai kuma labarin yadda aka yi, wani sakin layi biyu, wani shafi huɗu, tare da jerin ƙofofin tsaron da suka kasa.

Me ya sa banki zai sayi labarin asarar wani? Domin kundin asararmu na cikin gida cike yake da ƙananan abubuwa. Kashiya ya yi gajeren kuɗi da yamma. Na'urar cire kuɗi ta zare wa mutum a asusu ba ta ba shi ba. Cakin bogi ya wuce. Irin waɗannan muna da su dubbai, mun san su kamar yunwar cikinmu. Amma abin da ke kashe banki ba ya zuwa sau dubu, sau ɗaya yake zuwa, kuma ranar da ya shiga kundinka ta yiwu babu sauran mai karanta kundin. Bankin Barings ya haura shekara ɗari biyu yana aiki kafin ma'aikacinsu Nick Leeson, daga ofishinsu na Singafo, ya binne asarar fam miliyan 827 a wani asusu mai lamba 88888. A 1995 aka sayar da bankin ga ING a kan fam ɗaya. Babu abin da ke cikin tarihin ƙananan asarorin Barings da zai nuna musu wannan tafe. Dole sai an leƙa gidan maƙwabci.

Shekarar farko lambobi na bi, kuma a nan ne hidimar ta fi rauni. Na sauke jadawali, na so in fitar da adadin da zan ce shi ne mafi munin abin da zai iya samunmu a zambar cikin gida. Amma yaya za ka auna yuro biliyan 4.9 da bankin Société Générale na Faransa ya yi asara a hannun ma'aikacinsa Jérôme Kerviel, mai ciniki a kasuwar hannun jari, a Janairun 2008 da bankin da ba ya ma irin wannan cinikin? Rumbun yana da maɓallin daidaita girma, wai ya rage maka asarar gwargwadon kuɗin shigar bankinka. Na gwada shi sau da dama. Girman asara ba ya bin girman banki sawu da ƙafa. Ƙaramin banki mai ƙofa a buɗe yana iya rasa rabin jarinsa a dare ɗaya, babban banki kuma ya shanye dukan da zai kashe goma irinmu. Ga kuma canji. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Asara ɗaya, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, amma in ka juya ta zuwa naira sai ka ga ta ninka uku. Duk adadin da na kai gaban kwamiti, tambaya biyu ke rusa shi.

Abin da ya sauya mini kallon hidimar wata shigarwa ce a kan bankin Punjab National na Indiya. Na san labarin sama-sama tun 2018: kusan dala biliyan biyu, reshe ɗaya a Mumbai, ɗan kasuwar lu'ulu'u Nirav Modi. Abin da ban taɓa zama na bi daki-daki ba shi ne yadda aka yi. Ma'aikatan reshen suna aika takardun lamuni ta SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙo, zuwa rassan bankunan Indiya da ke waje, waɗancan su ba da rance a kan amincewa da takardar, amma ba a shigar da komai a babbar manhajar bankin ba. Hanyoyin biyu ba sa magana da juna. Odita ya zo ya duba littafi, littafi fes. Shekaru aka yi a haka, kuma jami'in da ke tsakiyar lamarin ya daɗe a kujera ɗaya ba a canza masa wuri ba. Asiri bai tonu ba sai da ya yi ritaya, mutanen kamfanin Modi suka zo neman sabuwar takarda, wanda suka tarar ya ce su kawo jingina, suka ce ai ba a taɓa tambayarsu ba.

Na buga shafukan, na sauka bene na biyu wurin shugabar sashen cinikin ƙetare. Mace ce da ta girme ni a aiki da kusan shekara goma, ba kuma ta son a ɓata mata lokaci. Na gaishe ta, na ajiye takardun a gefen teburinta.

Na ce, "Hajiya, tambaya ɗaya ce ta kawo ni. In yau wani a nan ya aika saƙon lamuni ta SWIFT bai shigar da shi a manhaja ba, wa zai fara sani, kuma yaushe?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Malam, ana haɗa lissafi ai."

"Kullum, Hajiya?"

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ɗaga waya ta kira wani matashi. Ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ya buɗe mana jadawalin da yake haɗa saƙonnin da aka aika da abin da ke manhaja. Aiki mai tsafta, layi-layi, ya sa wa waɗanda suka dace launin kore. Duk ranar Juma'a yake yi, da hannu. Na tambaye shi wane ne ke shirya saƙonnin kafin a aika. Ya ce su biyu ne, shi da wata abokiyar aikinsa. Wato rabin saƙonnin da yake tantancewa shi ya rubuta su. Hajiya ba ta ce uffan ba, ta jawo takardun da na kawo ta fara karantawa, da biro a hannu tana ja wa wasu layuka layi.

Ba mu sami ko kwabo da ya ɓata ba, kuma yaron nan mutumin kirki ne, har yau yana nan. Amma ƙofar a buɗe take, shekara da shekaru, kuma rahoton odita bai taɓa ambatonta ba domin kowa ya ga ana haɗa lissafi. Hajiya da kanta ta rubuta takardar neman gyara. Yanzu na'ura ke haɗawa kowace safiya, rahoton kuma wani sashe daban yake zuwa. A Indiya sai da gobarar ta ci kafin babban bankinsu ya tilasta wa bankuna haɗa SWIFT da manhajarsu. Mu shafi huɗu muka karanta. A wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin shekarar.

Daga nan na daina tambayar rumbun nawa, na koma tambayarsa ta yaya. Duk wata ina zaɓar labari ɗaya, in cire sunaye da manyan lambobin da ke sa mutum ya ce wannan ai sai Turai, in bar ƙashin bayan abin, in kai wa waɗanda ya shafa. Labarin Babban Bankin Bangladesh na Fabrairun 2016 na kai wa masu tsara jadawalin aiki. Masu kutse sun aika umarnin fitar da kusan dala biliyan ɗaya daga asusun bankin da ke New York, dala miliyan 81 suka isa Filifin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da suka zaɓa. Daren Alhamis suka yi aikin, Juma'a hutu ce a Bangladesh. Kafin a farga a Dhaka, New York ta shiga hutun Asabar da Lahadi. Litinin kuma Filifin na hutun sabuwar shekarar Sinawa. Ga firintar da ke fito da takardun shaidar saƙonni ta ƙi aiki, aka ɗauka lalacewa ce irin ta kullum. Dala miliyan 20 da aka nufa da su Siri Lanka kuskuren rubutun kalma ɗaya ne ya sa aka tsaya bincike. Na karanta wannan ana saura sati uku Babbar Sallah, hutun kwana biyu zai haɗu da ƙarshen mako. Muka zauna muka tambayi kanmu: cikin kwana huɗun nan wa ke kallon asusunmu na waje, kuma in abu ya faru ƙarfe biyun dare lambar wa za a kira a can? Amsar farko da muka samu ba ta gamsar da kowa ba, muka gyara.

Wanda ya fi taɓa ni kuwa shi ne na Wells Fargo na Amurka. A 2016 aka ci su tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikatansu sun buɗe wa mutane asusu da katuna ba da saninsu ba, wajen miliyan biyu a ƙiyasin farko, daga baya adadin ya kai miliyan uku da rabi. An sallami ma'aikata kimanin 5,300. A 2020 bankin ya amince ya biya dala biliyan uku. Waɗannan ma'aikata ba ɓarayi ba ne da suka shigo da niyyar sata. An ɗora musu adadin da za su kawo kowace rana, adadin da ba ya kamuwa, wanda ya gaza a ci masa mutunci ko a kore shi. Duk wanda ya yi aikin banki a ƙasar nan ya san wannan wuƙar. Na yi shekara biyu ina yawon neman kwastoma a rana, na ga 'yan mata da samari suna roƙon 'yan uwansu su ba da suna da hoto a buɗe asusun da ba za a taɓa sa masa sisi ba, don kawai a cika lissafin wata. Da na gabatar da labarin a kwamiti, ɗaya daga cikin manyanmu ya ce namu daban ne, akwai BVN. Na ce, "Ranka ya daɗe, BVN yana tabbatar da cewa mutumin yana nan. Ba ya tabbatar da cewa shi ya nemi a buɗe masa." An amince a riƙa ƙirga asusun da aka buɗe ba a taɓa motsa su ba cikin wata uku, reshe-reshe. Ba a taɓa adadin da ake ɗora wa yaran ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Sai inda hidimar ta gaza, kuma ba ƙaramin gazawa ba ne.

Rumbun yana ganin abin da jarida ta gani ne kawai, jaridar ma ta Turanci. Amurka da Ingila sun cika shi maƙil, saboda a can hukuma na buga hukuncinta kowa ya karanta. In ka tace Afirka ta Yamma, abin da zai fito ba ya cika shafi biyu. Babban labarin da ke ɗauke da sunan Najeriya shi ne na Emmanuel Nwude, wanda ya damfari Banco Noroeste na Barazil dala miliyan 242 tsakanin 1995 da 1998 da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, kuma a wannan ma bankin da ya yi asarar ba namu ba ne. Abubuwan da suka hana mu barci ba sa ciki. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, da aka farfasa rassa aka lalata na'urori, ma'aikata suna fita ta ƙofar baya: da ƙyar na sami ambatonsa. Zambar da ake yi ta hannun masu POS, sace layin waya a kwashe asusu, ɗaukewar sabis ranar biyan albashi, kuɗin man janareta a reshen da ya kwana uku babu wuta, duk babu. Don waɗannan sai na koma rahoton shekara na NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, da rahoton zamba na FITC, cibiyar horar da ma'aikatan banki, mai fitowa duk wata uku, da na NIBSS, kamfanin da ke haɗa tura kuɗi tsakanin bankuna. Su kuma jimla suke bayarwa, ba sa ba da labarin yadda aka yi. Wanda ke da labari ba shi da mu, wanda ke da mu ba shi da labari.

Bankinmu yana da ɓangaren da ba ya mu'amala da ruwa, kuma a nan akwai wani haɗari na musamman: a ƙulla cinikin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa kwastoma da ribar da aka amince, a saɓa wa ƙa'ida, misali a sayar wa kwastoma kaya kafin banki ya mallake su, sai kwamitin malamai ya ce ribar ba ta halatta ba, a fitar da ita sadaka. Asara ce ta gudanarwa tsantsa, hukumar IFSB mai tsara ƙa'idojin bankin Musulunci da ke Kuala Lumpur ma haka ta ɗauke ta. A rumbun babu gurbinta ko kaɗan. Na rubuta musu sau biyu. Sun amsa cikin ladabi cewa suna dubawa, shekara ta zagayo ban ga komai ba.

Akwai kuma jinkirin gyara. A Agustan 2020 Citibank ya tura kusan dala miliyan 900 bisa kuskure ga masu bin kamfanin Revlon bashi, wasu suka ƙi mayar da wajen miliyan 500, alƙalin farko ya ba su gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022. Irin wannan shari'a mai juyi tana nuna cewa adadin da ke rumbu ba tabbatacce ba ne sai an kai ƙarshe, kuma na sha cin karo da shigarwar da ta tsaya a tsohon adadi bayan labari ya canza. Wani lokacin abu ɗaya ya fito sau biyu, sau ɗaya da sunan uwar kamfani, sau ɗaya da sunan reshe. Wanda ya kwashi jadawalin ya zuba a lissafi ba tare da ya karanta ba zai yi ɓarna. Masu amsa tambaya suna da kirki, sun kuma san aikinsu, amma sai washegari ake samun su. Farashi da dala ne, don haka ko ba su ƙara ko sisi ba mu a wurinmu ya ninka. Kuma komai da Turanci ne mai nauyi. In zan je horar da ma'aikatan rassan Arewa, da masu gadi da direbobin motar kuɗi, ni nake zama in mai da labarin Hausa.

Wani abu da masu tallan hidimar ba za su fara faɗa maka ba: in don lissafin jarin da doka ta wajabta ne, ba ka buƙatarta. Hanya mafi sauƙi da CBN, Babban Bankin Najeriya, ta amince da ita kashi 15 cikin ɗari ce na matsakaicin kuɗin shigar shekara uku, babu ruwanta da asarar kowa. Babbar hanyar da ta wajabta amfani da bayanan waje, kwamitin Basel da kansa ya soke ta a Disamban 2017. Inda take da amfani a takarda shi ne rahoton isar jari da muke kai wa CBN duk shekara, wurin da ake zana munanan abubuwan da za su iya faruwa. Da can in na ce a ƙaddara an yi mana kutse an kwashe kaza, sai a ce na cika baƙin baki. Yanzu ina ajiye misali uku na gaske a kan tebur, da suna da shekara, sai gardamar ta koma kan ko ƙofarmu ta fi tasu ƙarfi.

Don haka ga wanda ya tambaye ni: in bankinka yana cinikin ƙetare, yana da ɗakin hada-hadar kuɗi, kuma akwai mutum ɗaya aƙalla da za a ware wa lokaci ya karanta ya kuma taka ya je sashe-sashe yana tambaya, saya. In ƙaramin bankin al'umma ne mai reshe biyar, kada ka saya. Manyan labaran nan duk suna cikin rahotannin hukumomi a intanet kyauta, kuɗin kuma ka sa su a ɗauki odita na biyu. In kuma babu mai karantawa, na san wurin da aka biya shekara guda aka shiga sau uku.

A takardar da na miƙa wa shugabana na sa sharaɗi biyu: a rage yawan masu shiga daga biyar zuwa biyu domin mu biyu ne ke amfani da shi, a kuma nemi su rubuta a yarjejeniya cewa za su ƙara majiyoyin Afirka. Labarin da ke kan teburina na wannan watan na TSB ne na Birtaniya, wanda ya kwashe kwastomominsa sama da miliyan biyar zuwa sabuwar manhaja a Afrilun 2018, mutane suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin na wasu, shugaban bankin ya sauka, aka kuma ci su tarar fam miliyan 48.65 a Disamban 2022. Mun ga irin wahalar da kwastomomi suka sha a nan gida a 2024 da wasu manyan bankuna suka sauya tasu manhajar. Mu ma muna shirin sauya tamu baɗi, kuma ranar Talata ƙarfe goma ina da zama da shugaban sashen kwamfuta.